Kwali ko hali? Muhawara kan yadda Nepal ke girmama manyan makarantu

Abu Hanif (Doha):
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Akwai maganar da ta daɗe tana ci mini rai game da ƙasar Nepal, na ce bari in kawo ta zauren nan tunda muna da malamai. A ganina mutanen ƙasar sun ɗauki kwalin babbar makaranta sun ɗora shi sama da halin mutum da abin da hannunsa ya iya. Ba ilimi nake suka ba, sunan makaranta nake nufi. In aka ce wane ya yi St. Xavier's ko Budhanilkantha, manyan makarantun Katmandu babban birnin ƙasar, daga nan ya wuce Ingila ko Amurka, shi ke nan an rufe magana, ba mai sake tambayar ko yana da amana.

A kamfanin gine-ginen da nake aiki a nan Katar akwai 'yan Nepal da yawa. Fomanmu mutumin tsaunuka ne, zai dubi zanen gini ya nuna wa injiniya inda rodi zai ba da matsala, kuma in an je haka za a tarar. Na tambaye shi me ya hana shi komawa gida ya kafa nasa kamfanin. Ya ce a garinsu shi wanda ya faɗi SLC ne, da wannan aka san shi, kuma da shi za a ci gaba da saninsa. Abin da yake samu kusan duk a makarantar kuɗi ta 'ya'yansa a Katmandu yake ƙarewa.

Ga wanda bai sani ba, SLC jarrabawar gama aji goma ce da aka fara tun 1934, su da kansu ƙofar ƙarfe suke kiranta. Shekaru da dama fiye da rabin masu zana ta faɗuwa suke yi. Wanda ya zo na ɗaya a ƙasa kuwa jaridu su buga hotonsa, sunansa ya zauna a bakin mutane har tsufansa. An sauya mata suna zuwa SEE, amma ko a 2024 fiye da rabin yaran ba su samu makin wucewa ba. Yaya za a yi a yanke wa yaro ɗan shekara 16 hukuncin da zai bi shi har kabari?

Malama Ummu Aiman:
Wa alaikumus salam. Malam Abu Hanif, na tausaya wa fomanku, amma ban yarda da inda ka kai maganar ba. A ƙasar da komai sai kana da uwa a gindin murhu, jarrabawa ita ce ƙofa guda da ɗan talaka zai ƙwanƙwasa a buɗe masa ba tare da ya san kowa ba. In ka cire kwali ka ce a duba hali, wa zai yi dubawar? Wanda ke kan kujera. Shi kuma zai ce ɗan yayansa ne mai hali. Ni malamar makaranta ce, na san abin da sakamako mai kyau yake yi wa yarinyar da ubanta ba shi da ko keke.

Abu Hanif (Doha):
Malama, in jarrabawar ta yi adalci na yarda. To amma a shekarun ƙarshe na SLC 'yan makarantun kuɗi kusan tara cikin goma suke ci, 'yan makarantun gwamnati kuwa da ƙyar ake samun ɗaya cikin uku. Wannan aljihun uba ake aunawa, ba ƙwaƙwalwar yaro ba.

Malam Na-Tarihi:
Ku ba ni dama in ɗan koma baya, don abin yana da tushe. Daga 1846 zuwa 1951 gidan Rana ne ke riƙe da Nepal, firaminista na gado, sarki kuma yana fada ba shi da ta cewa. Makarantar boko ta farko, Durbar High School, Jung Bahadur Rana ya buɗe ta a 1854 bayan ya dawo daga Ingila, kuma don 'ya'yan gidansu ya buɗe ta. Kwaleji ta farko, Tri-Chandra, sai a 1918. Da gangan aka hana talakawa karatu. Lokacin da mulkin Rana ya faɗi, masu iya karatu da rubutu ba su wuce biyar cikin ɗari ba. Jami'ar Tribhuvan sai 1959 aka kafa ta.

A wannan shekara ta 1854 ɗin kuma aka fitar da dokar ƙasa da ta jera mutane daraja-daraja bisa tsarin addinin Hindu. Bahun, wato zuriyar malaman addini, da Chhetri, zuriyar mayaƙa, suna sama. Masu sana'ar hannu suna can ƙasa: Kami maƙera, Damai maɗinka da makaɗa, sai dukawa da ake kira Sarki (sunan zuriya ne, ba sarauta ba). Waɗannan ko ruwa ba a karɓa daga hannunsu. Sai a 1963 aka soke wannan a doka, amma abin da ya yi shekara ɗari a littafin shari'a ba ya fita daga zukata don an sa hannu a takarda.

To ku haɗa biyun. Al'ummar da ta saba ganin mai littafi a sama, mai guduma a ƙasa, sai ga boko ya zo ta ƙofar fada. Kwali bai rushe tsohon tsarin ba, ya shiga cikinsa ne ya zauna. Wani masanin ƙasar, Dor Bahadur Bista, ya yi littafi a 1991 yana cewa da yawa suna neman karatu ne don daraja da albashin gwamnati, don su kuɓuta daga aikin hannu, ba don su yi aiki da abin da suka koya ba. An soke shi sosai, musamman Bahun da suka ga ya ɗora musu laifin komai, amma har yau ana muhawara da maganarsa.

Kuma Malama, hukumar ɗaukar ma'aikata ta Nepal tana da suna mai kyau, mutane sun yarda ba a sayen jarrabawarta da sauƙi. Sai dai da harshen Nepali ake yinta, a ƙasar da ke da harsuna fiye da 120, kuma waɗanda Nepali ne harshen uwarsu ba su kai rabin jama'a ba. Shi ya sa Bahun, da ba su fi kashi 12 cikin ɗari ba, suka cika manyan ofisoshi. Sai a 2007 aka ware kashi 45 na guraben aiki ga mata da ƙabilun tsaunuka da mutanen Madhesh na kudu kusa da iyakar Indiya da Dalit, wato waɗancan masu sana'ar hannu da aka sa a ƙasa, da naƙasassu da yankunan da aka bari a baya.

Malama Ummu Aiman:
Allah ya ƙara ilimi Malam. Amma abin da ka faɗa ya nuna a gyara makarantun gwamnati ne, a faɗaɗa ƙofar. Bai nuna a daina girmama wanda ya yi ƙoƙari ya ci ba.

Khalifa:
Anti, ba a ce a daina girmama shi ba. Cewa ake kada a ɗauka don ya ci jarrabawa ya zama mutumin kirki. Ga Baburam Bhattarai. Ɗan manomi ne daga Gorkha, ya zo na ɗaya a SLC a duk ƙasa a 1970, ya karanta zanen gine-gine a Indiya, ya yi digirin digirgir a jami'ar Jawaharlal Nehru da ke Delhi a 1986. Iyaye suna nuna wa 'ya'yansu shi. Shi ne kuma ɗaya daga cikin manyan jagororin tawayen 'yan Mao, wato 'yan kwaminisanci masu bin aƙidar Mao na Sin, da aka fara a 1996, yaƙin da ya yi shekara goma ya ci rayuka wajen 17,000. Da ya zama firaminista a 2011, mutanen Katmandu da ba sa son 'yan Mao sun yi murna, wai ai Dakta ne, shi daban ne. Me ya biyo baya? Gwamnatinsa ta nemi a yi wa wani ɗan majalisar jam'iyyarsu afuwa, mutumin da kotun ƙoli ta tabbatar masa da laifin kisa. Majalisar tsara kundin mulki kuma a hannunsa ta watse a watan Mayun 2012 ba tare da ta fitar da kundin ba.

Ɗan Maraɗi:
Khalifa ka yi wa mutumin nan adalci mana. Lokacin da yake ministan kuɗi a 2008 ya tara haraji fiye da yadda aka zata. Da ya hau mulki ya ƙi manyan motocin waje, ya shiga jif da ake haɗawa a Nepal. Faɗaɗa titunan Katmandu da kowa ke tsoron taɓawa shi ya taɓa. Watsewar majalisa kuma ba laifin mutum ɗaya ba ne, jam'iyyu ne suka kasa daidaitawa kan yadda za a raba jihohi.

Khalifa:
Na yarda da waɗannan Yaya. Amma ka ga yanzu ayyukansa kake lissafo mini, mai kyau da marar kyau. Haka ya kamata a yi masa tun farko. Su kuwa sakamakon jarrabawar 1970 suka duba suka ba shi amana.

Baba Tsohon Soja:
'Ya'yana, ni abin da idona ya gani zan faɗa. Na yi aikin kiyaye zaman lafiya a Darfur tare da 'yan Nepal. Yawancin ƙananan sojojinsu 'yan ƙauye ne, Turancinsu kaɗan ne. Amma in aka ba mutum gadi, ka je ka yi barcinka. Ba ya barin wurin, ba ya taɓa kayan da ba nasa ba, ba ya ɗaga murya ga mata da yara a sansanin gudun hijira. Turawan Ingila sun fi shekara 200 suna ɗaukar Gurkha, wato mayaƙan Nepal, a sojansu, kuma ba don takarda suke ɗaukarsu ba.

Ku kuma dubi Tenzing Norgay da ya hau ƙololuwar Everest tare da Edmund Hillary ranar 29 ga Mayu, 1953. Bai iya karatu da rubutu ba, amma yana jin harsuna da dama, kuma ya riga ya gwada dutsen sau da yawa kafin wannan tafiyar. Zuwa 2025 Kami Rita Sherpa ya hau shi sau 31. Da waɗannan mutanen duniya ta san Nepal. In ƙasarsu ba ta ɗauke su masu ilimi ba, to ma'auninta ne ke da matsala.

Sannan ga abin da ya fi girgiza ni. Sarki Birendra ya yi Eton, ya je jami'ar Tokyo, ya je Harvard. Ɗansa yarima Dipendra ya yi Budhanilkantha ya yi Eton. A daren 1 ga Yuni, 2001 aka kashe sarki da sarauniya da wasu 'yan gidan sarauta, mutum tara, kuma kwamitin binciken gwamnati ya ce yarima ne ya buɗe wuta kafin ya harbi kansa. Na san 'yan ƙasar da yawa ba su gamsu da rahoton ba har yau. Amma in rahoton gaskiya ne, babu makarantar da ta fi waɗanda ya yi tsada, kuma ba su ba shi abin da zai riƙe zuciyarsa ba. Allah ya shirya mana zuri'a.

Malama Ummu Aiman:
Amin Baba. Amma da girmamawa, ba za a auna makaranta da mutum ɗaya ba. Ita Budhanilkantha ɗin da aka kafa a 1972 da taimakon Ingila, tun farko an ware wani kaso na gurabenta ga yara daga gundumomin karkara, suna karatu kyauta tare da 'ya'yan manya. Akwai 'ya'yan talakawa da ta canza wa rayuwa ɗungurungum.

Likitan Ido:
Ni ina tsakiya. A aikinmu kwali ba ado ba ne, rai ne. A 2016 'yan sandan Nepal sun kama likitoci da dama da takardun bogi, da yawansu daga jihar Bihar ta Indiya aka samo takardun. Wasu sun yi shekaru suna duba marasa lafiya. Wani zai ce wannan hujja ce ta a tsananta duba takarda, kuma haka ne. Amma ku tambayi kanku me ya sa kasuwar bogin ta yi ƙarfi. Iyaye sun ƙudurta sai ɗansu ya zama likita ko injiniya, ko yana da ƙwaƙwalwar abin ko babu, saboda gidan da ke da likita gida ne da ake ba aure. Kwalejojin likitanci na kuɗi suka mai da abin ciniki. Dakta Govinda KC, likitan ƙashi da ya yi aiki a asibitin koyarwa na jami'ar Tribhuvan, tun 2012 yake yajin cin abinci, ya yi ya sake yi har ba a iya ƙirgawa da yatsun hannu, don a daina raba lasisin kwaleji ga 'yan siyasa da abokansu, a kuma kai kwalejojin gwamnati lunguna. Dokar ilimin likitanci ta 2019 daga wahalarsa ta fito. Takardarsa irin ta sauran likitoci ce. Abin da ya bambanta shi ba a rubuce yake a jikinta ba.

A fannina kuma akwai Sanduk Ruit. An haife shi a Olangchung Gola, wani ƙauye kusa da iyakar Tibet, inda a lokacin zuwa makaranta tafiyar kwanaki ce a ƙasa. Ya yi karatu a Lucknow da Delhi, makarantu masu suna, ban ɓoye wannan ba. To amma likitoci nawa ne suka fito daga can suka wuce Landan? Shi ya koma gida, ya kafa cibiyar Tilganga a 1994, suka fara ƙera ɗan gilashin da ake sa wa ido bayan cire yana, farashinsa ya sauko daga sama da dala ɗari zuwa 'yan daloli ƙalilan. Ya ɗauki kayan aiki a bayan dabbobi da 'yan dako ya shiga tsaunuka yana yi wa makafi aiki. Mutanen da ya buɗe wa ido da hannunsa sun haura dubu ɗari. Karatun ya ba shi hannu, amma ba karatun ne ya tura shi ƙauye ba.

Malam Na-Tarihi:
Likita ya tuna mini wani abu. A watan Maris na 2018 an sauke alƙalin alƙalan Nepal, Gopal Parajuli, saboda saɓanin ranar haihuwa a takardunsa. An daɗe ana ƙorafi kan yadda kotuna ke tafiya, amma takarda ce ta iya tsige shi. A ƙasar nan takarda ke ɗaga mutum, ita ke kayar da shi.

Ɗan Maraɗi:
Mu ma fa ba mu tsira ba. A 2023 wani ɗan jaridar Najeriya ya samo digiri daga Kwatano cikin makonni shida.

Abu Hanif (Doha):
Gaskiya ne, amma mu bar namu zuwa wata rana, in muka shiga ba za mu fito ba. Ina so in kawo Kulman Ghising. Kafin 2016 a Katmandu ana iya ɗauke wuta har awa 18 a rana lokacin sanyi. Shugabanni masu manyan takardu sun zo sun tafi, kowa na cewa sai an gina sabbin madatsun ruwa. Ghising ɗan ƙabilar Tamang ne daga Ramechhap, ya karanta injiniyan lantarki a Jamshedpur ta Indiya, ba Amurka ba. Da aka ba shi hukumar wuta a Satumban 2016, ya tarar wasu manyan masana'antu suna shan wuta dare da rana ta layi na musamman, gidaje na cikin duhu. Ya rage musu a lokutan da jama'a suka fi buƙata, ya toshe satar wuta, ya ƙaro daga Indiya. Cikin 'yan makonni Katmandu ta daina ganin ɗauke wuta, a 2018 aka sanar an gama da shi a ƙasa baki ɗaya. Lissafin ba sabo ba ne, duk injiniyan hukumar ya san shi. Wanda zai iya ce wa masu kuɗi a'a ne ba a samu ba. Abokan aikina suna ambatonsa kamar ɗan gidansu. A Maris 2025 gwamnati ta kore shi.

Malama Ummu Aiman:
To ai duk waɗanda kuke kawowa masu digiri ne. Ghising injiniya, Ruit likita, Govinda KC likita. Ku kawo mini waɗanda suka mulki ƙasar. KP Sharma Oli bai yi jami'a ba, shekara 14 ya yi a kurkuku. Shi da Deuba da Prachanda suka yi ta karɓa-karɓa da kujerar firaminista, Deuba sau biyar, Prachanda sau uku. Ba Harvard ce ta lalata Nepal ba. Matasan da suka ruga wa masu manyan takardu a zaɓen 2022, gajiya suka yi da tsofaffin nan. Da Swarnim Wagle, wanda ya yi Landan da Harvard, ya ci zaɓen cike gurbi a Tanahun a 2023, mutane fata suke ko za a samu mai iya karanta kasafin kuɗi. Ni ban ga laifinsu ba.

Khalifa:
Anti wannan magana tana da ƙarfi. Sai dai a shekarar 2022 ɗin mutanen Dharan sun zaɓi Harka Sampang magajin gari, mutumin da ya yi ƙwadago a ƙasashen waje, saboda sun gan shi yana fafutukar ruwan sha, kuma bayan ya hau ya ci gaba da ɗaukar bututu a kafaɗa tare da jama'a. Ana sukarsa kan kaifin baki, amma ba kwali aka duba ba.

Sannan ki dubi Satumban 2025. Matasa sun fito bayan an rufe kafafen sada zumunta, kuma abin da ya fi hura musu wuta hotunan 'ya'yan manya ne suna fantamawa a ƙasashen waje. An kashe mutum 19 a ranar 8 ga wata, washegari firaminista Oli ya sauka, an ƙona majalisa da kotun ƙoli, waɗanda suka mutu gaba ɗaya sun haura 70. Da aka zo neman wanda zai riƙe ƙasa, ba su tambayi wa ya fi yawan digiri ba. Sushila Karki suka nuna, tsohuwar alƙalin alƙalai, wadda aka sani da hukuncin da ya kai minista mai ci gidan yari kan cin hanci a 2012. Ita kuma ta ɗauko Ghising, ta ɗauko Mahabir Pun ta ba shi ma'aikatar ilimi. Pun a wata jami'a da ba ta yi suna ba ya yi karatu a jihar Nebraska, ya koma ƙauyensu Nangi ya haɗa musu intanet da eriya a kan itatuwa, daga baya ya riƙa yawo gari-gari yana sayar da littafin tarihin rayuwarsa a bakin titi don ya tara kuɗin farfaɗo da masana'antar kayan noma.

Malam Na-Tarihi:
Abin da ya fi damuna shi ne asarar da ƙasar ke yi ta ɓangare biyu. A shekara guda ɗalibai fiye da 100,000 ke karɓar takardar izinin fita karatu waje, Ostareliya da Japan da Kanada da Amurka. Unguwar Putalisadak a Katmandu cike take da ofisoshin dillalan makarantu. Iyaye na jinginar da gona don wannan. Waɗanda suka faɗi jarrabawa kuma su nufi Katar da Malesiya da Saudiyya, kuɗin da ake aikowa gida ya kai kusan rubu'in tattalin arzikin ƙasa. Da girgizar ƙasa ta 25 ga Afrilu, 2015 ta kashe kusan mutum 9,000 ta rushe dubban ɗaruruwan gidaje, ƙwararrun magina da kafintoci aka rasa, sai da aka shiga horar da sabbi da gaggawa. Wannan fa ƙasar Araniko ce, matashin maginin da ya je fadar Kublai Khan a ƙarni na 13 ya gina farar hasumiyar da har yau take tsaye a Beijing.

Malama Ummu Aiman:
A nan kam muna tare Malam. 'Yan Nepal suna da hukumar koyar da sana'o'i tun 1989, amma muddin ana kallonta a matsayin wurin da ake tura wanda ya faɗi, uba ba zai kai ɗansa da son ransa ba. Abin da zan so in gani shi ne a buɗe hanya tsakanin biyun: birkilan da ya yi shekaru yana aiki a gwada shi a kan aikin, a ba shi shaidar da gwamnati za ta karɓa wajen ba da kwangila, kuma in yana so ya iya shiga kwalejin injiniya da ita. Jarrabawar aji goma kuma a bar yaro ya sake zana darasin da ya faɗi ba tare da an rufe masa gaba ba. Amma ba zan taɓa ce wa ɗalibata kada ta nemi babbar makaranta ba. In ta samu, ta je.